Ku tambaya mu amsa: ƙudan da ake ɗauka buzuzu ne

Jama'a barkanmu da wannan mako, da fatan damina na tafiya daidai. Saƙonnin da suka shigo a wannan karon galibinsu kan ƙwaro ɗaya ne, wani ɗan ƙwaro mai ƙyalli da hotonshi ke ta yawo a salulolin mutane, shi ya sa na haɗa su wuri guda na ajiye sauran tambayoyin sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Sani, mai aikin garka, daga Jiratawa: Salamu alaikum Malam, ina gajiya ina iyali. Dan Allah wani hoto ne ƙanena da ke karatu ya turo min ta WhatsApp, ɗan ƙwaro ne shuɗi mai ƙyalli bayanshi a dunƙule sumul, ya ce min wai ƙuda ne ni kuma na ce wlh buzuzu ne dan kullum ina ganin irinshi cikin kuɓewata suna huda ganye, gardama har ta kai mu ga rantsuwa. To in dai ƙuda ne ina fiffiken ya shiga?

Wa alaikumus salam Malam Sani, gajiya ta bi lafiya. Na ga hoton kuma ƙanenka shi ke da gaskiya, wannan ƙuda ne, dangin da masana ke kira Celyphidae. Amma kai ma idonka bai yi laifi ba dan ko wanda ya karanci ƙwari in ya yi mishi kallo ɗaya daga nesa buzuzu zai ce, sai ya matso ya duba kai da baki sannan ya gane.

Ga yadda abin yake. Kowane ƙuda, har wannan na gida da ke damunmu kan tuwo, in ka kama shi ka duba bayanshi daidai inda fikafikai biyu suka tsiro za ka ga wani ɗan tudu ƙarami mai siffar rabin da'ira a ƙarshen ƙirji ta baya, sunanshi sukutelum. A wurin ƙudan gida ɗan mitsitsi ne ba wanda ke kula da shi. To a wurin waɗannan ƙudajen shi wannan ɗan tudun ne ya girma ya kumbura ya miƙe baya har ya rufe cikin gaba ɗaya, kamar an kifa ƙoƙo a kai, kuma in ƙudan ya sauka sai ya naɗe fikafikanshi ya cusa su ƙarƙashi, shi ya sa ka duba ba ka ga fiffike ba. Yana nan, a ɓoye yake. Girmansu duka daga milimita 3 ne zuwa wajen 8, wasu shuɗi, wasu kore ko ruwan shuni mai walƙiya, wasu kuma ruwan ƙasa ko rawaya-rawaya.

Shi kuwa buzuzu ƙirarshi daban ce tun daga tushe. Fikafikanshi huɗu ne, biyun gaba su ne suka taurare suka zama ɓawo, biyun baya masu laushi suna naɗe a ƙarƙashi, galibi in zai tashi sai ya ɗaga ɓawon nan biyu gefe da gefe. Dan haka abu na farko da za ka duba shi ne tsakiyar baya. In ka ga layi ya tsaga bayan gida biyu daga sama har ƙasa to buzuzu ne. In bayan sumul yake, falle ɗaya ba tsaga, to ka ci gaba da dubawa dan murfin ƙudan nan ba ya buɗewa, jikin ƙirji ne, fikafikan ta gefe suke zamewa su fito. Sai ka dawo wurin kai. Ƙuda idanunshi manya ne sun cinye rabin kan, ƙahonnin jinshi gajeru ne da wani ɗan gashi guda a jiki, kuma a yawancin waɗannan ƙudajen gindin gashin nan ya yi faɗi ya baje, bakinshi kuma na lasa ne ba ya iya tauna komai. Buzuzu muƙamuƙi gare shi na yanka ganye, ƙahonninshi gaɓa-gaɓa ne galibi guda 11. In ka samu ka ɗaga fiffiken ƙuda kuma za ka tarar da wasu ƴan tsinke biyu masu dunƙulallen kai a bayan fikafikan, su ne ragowar fikafikan baya, da su yake daidaita jikinshi a iska, duk abin da ke da fiffike biyu da waɗannan ƴan tsinken to ɗan rukunin ƙuda ne, har sauro da tsando.

Wanda kake gani cikin kuɓewarka kuma, tunda ka ce yana huda ganye, to magana ta ƙare dan ƙudan nan ba shi da bakin da zai huda ganye. Waɗannan ƴan buzuzun ganye ne masu tsalle, irin su Podagrica, suna son kuɓewa da rama da yakuwa, suna barin ganye da ƙananan huji rututu. Kai hannu kusa da ɗaya ka gani, zabura zai yi ya yi tsalle, cinyoyinshi na baya masu kauri ne saboda haka. Akwai kuma na uku da ke rikita mutane, wani mai ƙyalli kore da shuɗi da ɗigo-ɗigo da ake gani jikin auduga da bini-da-zugu, Calidea, shi ma bayanshi falle ɗaya ne ba tsaga dan shi ma sukutelum ɗinshi ne ya girma, sai dai ya fi girma sosai yana kai santimita ɗaya ko fiye, bakinshi dogon tsinke ne na tsotsa a kwance ƙarƙashin ƙirji, kuma in ka taɓa shi hannunka zai yi wari. Abin nan yana ba ni mamaki ƙwarai, ƙwari uku ba dangin iya ba na baba amma kowa ya ƙare da baya mai tauri mai ƙyalli, biyu ta hanya ɗaya na ukun ta wata hanyar. Ikon Allah ke nan. Wasu masana suna ganin amfanin murfin ga ƙudan shi ne kare fikafikai da ciki, da kuma sa tsuntsu ko ƙadangare ya ɗauka wani abu ne mai tauri da ba ya ciyuwa.

Malama Hadiza, mai koyar da SVT (kimiyyar halittu da ƙasa) a wani kolej, daga Tibiri: Malam barka da aiki Allah ya ƙara basira. Ni ɗalibaina ne suka kawo min hoton, na shiga intanet in shirya musu darasi sai na rikice, wani wuri an rubuta na Afirka sunansu Chamaecelyphus wani wuri kuma Spaniocelyphus, wanne ne daidai? Kuma dan Allah a jero mana yadda aka kasa su, gida nawa ne iri nawa ne, sannan mi ya sa ake sa sunan mutum da shekara a bayan sunan ƙwaro wani lokaci cikin baka wani lokaci ba baka.

Amin Malama, na gode, kuma na ji daɗi da ba ki kori yaran da hotonsu ba kika mai da shi darasi. Bari mu taho daga sama. Rukuninsu Diptera ne, wato masu fiffike biyu, rukunin da aka san iri sama da 150,000 a cikinshi. A cikin wannan rukunin akwai wani babban reshe Lauxanioidea, nan suke zaune tare da dangin Lauxaniidae, ƙananan ƙudajen inuwa da ruɓaɓɓen ganye da suka haura iri 1,800, da dangin Chamaemyiidae waɗanda tsutsotsinsu ke cin darɓa, abokan manomi ke nan. Kusancinsu da Lauxaniidae ya kai har wasu masana sun taɓa sa su ciki a matsayin ƙaramin reshe kawai. Su dai dangin Celyphidae ƴan kaɗan ne, wajen iri 115 aka sani a duniya, mafi yawansu a kudanci da kudu maso gabashin Asiya, Indiya, kudancin Cana, Malesiya, Indonesiya, Filifin, sai kaɗan a Afirka kudu da Sahara. Abin da kuke ce wa famille a lakwal shi nake kira dangi, genre gida, espèce kuma iri, dan mu daidaita harshe.

Gidan farko da aka raɗa wa suna shi ne Celyphus, wani masani ɗan Suwidin Johan Wilhelm Dalman ya sa shi a 1818 tare da irin da ya kira Celyphus obtectus, na Asiya, mai faɗin murfi da ya zarce faɗin ƙirji. Bafaranshe Bigot shi ya ware su a matsayin dangi a 1852, kuma shi ya zo da gidan Paracelyphus a 1859. Daga nan sai Friedrich Hendel na Ostiriya ya fitar da Spaniocelyphus a 1914, Malloch da ke aiki a Amurka ya ƙara Acelyphus da Idiocelyphus a 1929, Richard Frey na Finlan ya kawo Hemiglobus da Chamaecelyphus a 1941, Chen na Cana ya kawo Oocelyphus a 1949. Kin ga kowa da inda yake zaune da kuma akwatin ƙwarin da ya samu dubawa, wani a Turai wani a Amurka wani a Cana, ba lalle wannan ya taɓa riƙe ƙwaron da wancan ya riƙe ba, daga nan rikicin suna ke tasowa.

Gidan da ya fi shafarmu shi ne Spaniocelyphus. Su jikinsu ya fi na Celyphus tsawo da siranta, murfin ya fi tsawo bisa faɗi bai cika wuce faɗin ƙirji ba, kuma saman kansu ta baya yana da kaifi, na Celyphus kuwa a mulmule yake. Irin da aka kafa gidan a kanshi shi ne Spaniocelyphus scutatus na Asiya. Frey da ya duba na Afirka a 1941 sai ya ga kamar sun bambanta har sun isa a yi musu gidansu, ya kira shi Chamaecelyphus, kuma haka aka tafi shekara saba'in da wani abu ana rubutawa, duk sabon irin da aka samo a Afirka nan ake sa shi. A 2017 wani masanin ƙudaje a Kalifoniya ta Amurka, Stephen Gaimari, ya sake zama ya gwada gidajen duniya gaba ɗaya, ya nuna cewa alamomin da aka dogara da su wajen ware na Afirka ba su kai a raba gida a kansu ba, sai ya mayar da iri 10 da ke Chamaecelyphus cikin Spaniocelyphus. In an haɗe gida biyu kuma dokar raɗin suna ta ce wanda ya riga shi ke tsayawa, 1914 ta riga 1941, shi ke nan. Dan haka ki koya musu Spaniocelyphus, ɗayan kuma ki gaya musu tsohon suna ne za su riƙa cin karo da shi a tsofaffin takardu, ba kuskuren bugawa ba ne.

Cikin goman nan akwai africanus wanda Walker na Ingila ya bayyana tun 1849, da dichrous na Bezzi, da gutta na Speiser, da halticinus na Frey, sauran kuma wani ɗan Beljiyam ne Vanschuytbroeck ya sa musu suna wajen shekarun 1950, irin su upembaensis da ruwenzoriensis, na farkon daga gandun Upemba na Kwango na biyun daga duwatsun Ruwenzori. Ki lura da wannan, fiye da rabin na Afirka hannun mutum ɗaya suka fito kuma daga yanki ɗaya, saboda lokacin mulkin mallaka Beljiyam ta aika masu tara ƙwari cikin gandun dajin Kwango suka kwaso da yawa suka kai ƙasarsu. Taswirar inda ake samun ƙwaro sau da yawa taswirar inda aka je aka nema ce, kuma ni wannan yana ci min rai dan yankinmu na Sahel yana cikin wuraren da ba a yi wa irin wannan neman sosai ba.

A aikin nan na 2017 ne kuma aka ɗaga Paracelyphus da Hemiglobus suka zama cikakkun gidaje, da can ana lissafa su ƙananan rassa ne a ƙarƙashin Celyphus. Sai wani labari da nake so ki ba yaran. A 1844 Bafaranshe Macquart ya bayyana wani ƙudan irin wannan ya kira shi Celyphus ruficollis ya ce daga Giyana ta Faransa ya fito, can Amurka ta Kudu. Aka yi shekara ɗari da saba'in ba wanda ya tabbatar da wani, dangi kaf suna Asiya da Afirka, dole a yi ta shakkar ko dai an rubuta wurin ba daidai ba. Sai ga na biyu ya bayyana, Gaimari ya duba ya ga lalle na Amurka ta Kudu ne kuma siffarshi ta sha bamban da sauran har ya yi mishi sabon gida, Atopocelyphus. Da wannan lissafin gidaje suka zama 8: Acelyphus, Atopocelyphus, Celyphus, Hemiglobus, Idiocelyphus, Oocelyphus, Paracelyphus da Spaniocelyphus.

Batun baka kuma mai sauƙi ne. Tun littafin masanin nan ɗan Suwidin Linnaeus na 1758 ake ba kowace dabba suna biyu, na gida da na iri, a bi da sunan wanda ya fara bayyana ta da shekarar. In har ƙwaron yana nan cikin gidan da mai raɗin ya sa shi tun farko ba a sa baka, misali Celyphus obtectus Dalman, 1818, ko ƙudan gida Musca domestica Linnaeus, 1758. In an sauya mishi gida daga baya sai a sa sunan mutumin da shekarar cikin baka, misali Spaniocelyphus scutatus (Wiedemann, 1830), dan shi Wiedemann cikin Celyphus ya sa shi, Hendel ne ya zo ya fitar da shi. Ki sa su rubuta waɗannan biyun a kaye su gaya miki da kansu wanne ya yi ƙaura.

Hajiya Rabi, daga unguwar Bagalam, Maradi: Malam ni dai tsoro na ji da na ga abin, yana cizo ne ko yana kawo cuta? Ina da jikoki ƙanana cikin gida, ko in sa a fesa piya-piya?

Hajiya kwantar da hankalinki, ba ya cizo ba ya harbi, ba ya shan jini, kuma ba ya cikin ƙudajen da ke bin shara da masai su dawo su sauka kan abinci. Zamanshi bakin rafi ne da cikin ciyawa mai danshi, tsutsarshi ruɓaɓɓen ganye da ciyawa take ci, ba abin da zai kawo shi tsakar gidanki. Piya-piyar nan ita ce abin tsoro ga jikokinki, guba ce mai ƙarfi tana shiga ta numfashi da ta fata, dan Allah kar a fesa ta ɗakin da yara ke kwana kuma kar a zuba ta cikin butalin lemo a ajiye inda hannunsu ke kai. A rufe abinci, a rufe bakin masai, a kwashe shara, a ɗaura musu gidan sauro da dare.

Alhaji Ila, manomi, daga Madarunfa: Malam ni tsoho ne ɗiyana ke karanta min mujallar nan. Ina tambaya, mi amfanin mutum ya ƙare rayuwarshi yana sauya wa ƙuda suna, ƙudan da ba ya ci ba ya sha mana komi, alhali ga tsutsa na cinye mana hatsi ga mangwaro na ruɓewa bisa icce?

Baba Alhaji Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, tambayarka tana kan hanya kuma ba zan ce maka ƙudan nan zai cika rumbu ba. Amma mangwaron da ka ambata shi zan ɗauka in ba ka amsa. Ƙudan da ke sa mishi tsutsa ya zubo ƙasa tun bai nuna ba, shi baƙo ne a Afirka, a Kenya aka fara ganinshi a 2003, cikin ƴan shekaru ya bazu har ya iso mana nan yamma. A 2005 masana suka ce sabon iri ne suka sa mishi Bactrocera invadens. Aka yi kusan shekara goma ana bincike, ana gwada jikinsu da ƙwayoyin halittarsu, ana haɗa su a gani ko za su yi barbara su haihu, ƙarshe aka tabbatar ba wani sabo ba ne, Bactrocera dorsalis ne, tsohon ɓarawon lambu da mutanen Asiya suka daɗe da sani. Sauya sunan nan ba wasa ba ne Baba, dan da zarar an san shi ne to duk abin da aka tara a kanshi na shekaru, yadda yake hayayyafa, itatuwan da yake so, tarkon ƙamshi da ke jawo mazan su faɗa su mutu, ƙwarin da ke kashe shi, duk ya zama namu ba sai mun faro daga farko ba. Har dokokin shigar da mangwaro wata ƙasa da sunan ƙwaro ake rubuta su.

Tsutsar zangarniyar hatsi ma haka. Sai da aka san ta da sunanta, Heliocheilus albipunctella, aka san lokacin da uwar ke saka ƙwai bisa zangarniya, aka kuma gane wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro, Habrobracon hebetor, da ke harbin tsutsar ya saka ƙwanshi a jikinta ƴaƴanshi su cinye ta. Nan Maradi ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, da malaman jami'a sun daɗe suna kiwonshi, ana sa shi cikin ƴan buhunan garara da tsabar hatsi a kai ƙauyuka a rataye kusa da gonaki ya fita ya yi aikinshi, wataƙila ma an taɓa kawowa wajenku. In aka kuskure aka kiwata wani mai kama da shi to an yi asarar kuɗi da damina guda. Wanda zai iya bambance su kuwa shi ne mutumin da ya saba zama da madubin ƙara girma yana ƙirga gashin kan ƙuda da jijiyoyin fiffike, kuma ido ba ya koyon wannan aikin a kan masu ɓarna kaɗai, sai ya san na gari da wanda ba ruwanshi sannan in baƙo ya shigo ya gane shi da wuri. Dubi Malam Sani da ke sama, da ya tafi a kan cewa duk ɗan ƙwaro mai ƙyalli abu ɗaya ne, ai sai ya riƙa sayen magani yana fesa wa wanda bai ci mishi komai ba. Masu wannan sana'ar sun yi mana kaɗan ƙwarai a ƙasar nan, ni da za a samu biyu uku cikin jikokinka su bi ta da na yi murna.

Lawali, ɗalibin aikin gona, daga unguwar Zariya, Maradi: Mushe ina wuni, ni abin ya shiga raina gsky ina so in nema da kaina, ina zan duba kuma in na kama ya zan ajiye shi kar ya lalace? Ba ni da kayan labo sai salula.

Lafiya lau Lawali, haka nake so in ji. Inda ruwa da inuwa da ciyawa suka haɗu nan za ka nufa, dan a duk inda aka san su bakin rafi ne da fadama da ciyawa mai laima. A wajenmu ka bi gaɓar Gulbin Maradi, da kewayen tafkin Madarunfa, da bakin hanyoyin ruwa na garaken Jiratawa inda ciyawa ba ta bushewa, in ka samu hali har dajin Baban Rafi. Lokacin da ya fi shi ne daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka, watan Agusta da Satumba, da hantsi bayan raɓa ta ɗan sha iska, in ciyawa na jiƙe sharkaf ƙwarin manne wa ragar suke su lalace.

Raga ba sai ka saya ba, ka samu tsohon gidan sauro wanda aka wanke sosai ko farin yadi mara nauyi, tela ya ɗinka maka shi jaka mai zurfi, ka lanƙwasa waya mai kauri ta zama zobe ka ɗaure a sanda. Kana tafiya a hankali kana sharar kan ciyawa dama da hagu, bayan ɗan taƙi ka murɗe bakin jakar ka zauna a inuwa ka duba. Za ka tarar da tarkace iri-iri, fara ƙanana, gizo-gizo, ƴan buzuzun ganye da yawa, to duk wani ɗan dunƙulalle mai ƙyalli kar ka yi saurin cewa buzuzu ne ka yar, tura shi cikin ƙaramin butali mai haske ka dubi tsakiyar bayan da idanun kamar yadda na gaya wa Malam Sani. Ka sa takalmi rufaffe saboda maciji, kuma ka nemi izinin mai garka kafin ka shiga.

Hoto kafin komai, tun yana da rai launinshi bai sauya ba. Ka sayi ɗan madubin ƙara girma a kasuwa ka ɗora a bakin kyamarar salula, ka ɗauka ta sama, ta gefe, da ta gaba daidai fuska dan a ga saman kai da ƙahonni, da waɗannan ake raba Spaniocelyphus da Celyphus, ka ajiye regil a gefe a ga tsawon. Bayan haka ka jefa shi cikin alkol mai digiri 70 na farmasi, butali ɗaya wuri ɗaya rana ɗaya, kar ka gauraya na Madarunfa da na Jiratawa. Sai ka yanki ƴar takarda ka rubuta sunan wurin, kwanan wata, irin ciyawar da ka same shi a kai da sunanka, da kiriyo za ka rubuta dan bik narkewa yake cikin alkol, kuma takardar cikin butalin za ka sa ta ba a jiki ba, ta jiki ɓallewa take. Ƙwaron da ba takarda ko ya kai mi kyau masani ba abin da zai yi da shi, ka ga na Macquart ma takardar da ta ce Giyana ita ta riƙe maganar har aka zo aka tabbatar. In salularka na nuna lambobin GPS ka ƙara su.

Hoto zai iya kai ka ga dangi, wani lokaci har gida, amma iri sai an sa a madubin labo dan a wannan dangin sau da yawa sai an duba al'aurar namijin ake rabewa, shi ya sa in ka samu da yawa ka ɗebi biyar shida kar ka tsaya kan ɗaya. Ka ɗora hotunan a iNaturalist, wani shafin intanet da ake sa hotunan halittu, akwai masana ƙudaje da ke dubawa, butalin kuma ka kai wa malaminka na ilimin ƙwari a sashen aikin gona na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko cibiyar INRAN da ke Tarna, ka roƙi a bar ka ka duba da idonka a madubin. Ka riƙa leƙa butalin lokaci-lokaci kana ƙara alkol dan zafin garin nan yana shanye shi ko da murfi a rufe, kuma ka ajiye shi inda rana ba ta bugu. In ka samu wani abu ka turo mana hoton da sunan wurin mu sa a wannan shafin.